Farin Zare a Bayan Kaka

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Malama Strachan ta ce tunda ba na magana a aji, in riƙa rubutawa. Ita ta ba ni wannan littafin, ta kuma yi alkawarin ba za ta karanta ba. To ga ni. Morven Geddes, shekara sha biyu da rabi. Ban san me ake rubutawa ba.

Yau ma Kaka wando ya sa.

Talata, 8 ga Oktoba

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Kaka da wando ba sai bana. Kilt yake ɗaurawa kullum, irin siket ɗin ulun nan na mazan ƙasarmu, ko coci za shi, ko sayen jarida, ko gyaran shinge. Ko ƙanƙara na zuba gwiwarsa a waje take, ja wur.

A watan Mayu ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Wata uku ya yi a asibiti a Inverness. Da aka sallame shi Mama ta ce ba zai koma gidansa shi kaɗai ba, sai ya dawo wurinmu, aka ba shi ɗakin ƙasa. Yana tafiya da sanda. Hannun hagun ba ya riƙe komai. Maganarsa ta dawo amma a hankali take fita, kamar yana ɗauko kowace kalma daga nesa.

Ya rame sosai. Wandon ma sai da Mama ta ƙara wa bel ɗinsa huda.

Har yanzu yana ce mini Ɓera, wai don ina shiga ɗaki in fita ba a ji motsina. Wannan kaɗai ne bai canza ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Struan Petrie a layin abinci: "Ina kakanki mai siket? Ya gane shi namiji ne?" Suka yi dariya. Na kalli farantina. A hanyar gida na samo amsa har guda uku.

Asabar, 12 ga Oktoba

An fara hutu. Duro ya zo duba Kaka.

Sunansa na gaskiya Murdo Bain, tsohon mai raba wasiƙu, amma ba wanda ke kiransa haka a ƙungiyarsu. Duro ne, saboda cikinsa. Kowa a cikinsu da sunansa. Kaka shi ne Ƙafar Sauro. Shekara talatin da ɗaya suna haɗuwa duk Asabar a shagon shayin Rhona, su goma sha huɗu, kowa da kilt ɗinsa, ba abin da suke yi sai zagin gwiwoyin juna. Da can in Duro ya shigo gidan Kaka tun daga ƙofa yake farawa: "Ina Ƙafar Sauro? Iska ba ta tafi da shi ba?" Kaka ya ce, "Shigo a karkace, kada ka tafi mini da ƙofa."

Yau sai da ya ƙwanƙwasa. Ya zauna a bakin kujera, hula a hannu. Ya ce, "Ya jikin, Lachlan?" Lachlan fa. Ya ce Kaka ya yi kyau, ya ce kowa na gaishe shi, ya ce kada ya damu da taron shekara, lafiya ce gaba da komai. Da Kaka ya miƙa hannu zai ɗau kofi sai Duro ya yi sauri ya miƙa masa.

Bayan ya tafi Kaka ya daɗe yana kallon taga. Sai ya ce, "Ya zo ta'aziyya, ya tarar gawar na shan shayi."

Na so in yi dariya amma fuskarsa ba ta wasa ba ce.

Litinin, 14 ga Oktoba

Ina ta tunanin taron shekara. Asabar ɗin ƙarshe ta Nuwamba ake yi. Su hau dutsen bayan gari da safe, ɗaya daga cikinsu, Hector, yana busa algaita mai jakar iska a gaba, sannan su sauko zauren coci su ci abinci, a zaɓi sunan ƙungiya na sabuwar shekara.

Don ba su da suna tsayayye. Shekarar farko Daskararrun Gwiwoyi suke. Daga nan suka yi doka: duk ɗan ƙungiyar da ya tafka abin kunya mafi girma da kilt a shekara, da abin nasa za a raɗa wa kowa suna har shekara ta zagayo. Suna da wani ƙaton ludayin katako, ya kusa kai ni tsawo, a jikinsa ake ƙona sunan da zazzafan ƙarfe. Mai laifin shi ke riƙe ludayin a gaba duk inda za su, ana nuna shi.

Akwai 'Yan Gaba-Baya, shekarar da Hector ya ɗaura nasa a juye, ninkin baya ya dawo gaba, a bikin 'yarsa, yana cikin kowane hoto a haka. Akwai Kalacin Ƙwari, lokacin da suka je yawo bakin tafki da damina suka dawo a guje. Akwai Masu Neman Gafarar Fasto, wannan iska ce ta yi aikinta a ƙofar coci, Mama ta ce ba sai na san sauran ba. Bana sunansu 'Yan Safa Ɗaiɗai.

Sunaye uku a jikin ludayin na Kaka ne. Ya fi alfahari da su a kan lambar yabon da ya samu a aikin jirgin ruwa. Lambar tana cikin gwangwanin maɓallai.

Shekara talatin da ɗaya bai taɓa fashi ba. Ko shekarar da matarsa Iya Effie ta rasu ya je.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na ga abin da bai kamata in gani ba.

Mama ta tafi aiki. Na sauko zan zuba kunu, ƙofar Kaka ba ta rufu duka ba. Ya fito da kilt ɗin, mai kore da shuɗi da siririn layi ja, wanda Iya Effie ta sa aka ɗinka masa. Ya jingina da gado yana fama da maɗauran da hannu ɗaya. Ya daɗe. Har da haƙori ya ja na ƙarshen. Ya kai su hudar ƙarshe duka, ya miƙe tsaye, ya saki.

Ya sulale har ƙasa. Gaba ɗaya, kamar labule ya tsinke.

Ya tsaya a cikinsa yana kallo. Ƙafafunsa farare, sirara.

Na koma sama da sanɗa. Ban sha kunun ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ban gaya wa Mama ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na yi wani abu.

Kaka na barcin rana, na shiga na ɗauko kilt ɗin daga kabad, na cusa a jakar makaranta. Nauyi kamar na ɗauki ɗan rago. Na kai gidan Misis Rennie, wadda suke kira Almakashi. Ita ta ɗinka na rabin 'yan ƙungiyar, ita kaɗai ce mace a cikinsu, kuma duk tsoronta suke ji.

Sau biyu na wuce ƙofar kafin na danna ƙararrawa. Ta buɗe ƙofa. Na buɗe jakar kawai.

Ta ce, "Wa ya koya miki dunƙule yadi takwas na ulu kamar tsumman goge ƙasa?"

Na kusa juyawa. Sai ta ce, "Na Ƙafar Sauro ne. Ni na yi shi, shekara ashirin da shida ke nan. Shigo, kina sako mini sanyi."

Na ce ya yi masa yawa. Ban ce na gani ba. Ba ta tambaya ba.

Ta nuna mini hannayenta, yatsun duk sun lanƙwashe. Ta ce shekara biyu rabonta da allura. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta ce, "Ke kina da yatsu goma, ba kya amfani da baki, ai sai a ga amfanin hannun."

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ta ce sai na kawo awon ƙugunsa. Yaya zan auna Kaka bai sani ba? Na auna bel ɗinsa, daga ƙarfe zuwa hudar da Mama ta yi. Almakashi ta ce ba laifi, akwai kai. Inci biyar ya ragu.

Ba a yanka kilt, in ji ta. Wanda ya sa masa almakashi Allah ya isa. Maɗauran fata da ƙarafunansu ake cirewa a matsar da su baya. In mutum ya sake ƙiba a mayar.

Na ce, "Zai sake ƙiba?"

Ta ce, "Lachie? Tun yana saurayi kamar sandar shara yake. Amma a bar masa hanya."

Talata, 29 ga Oktoba

An koma makaranta. Bayan an tashi ina zuwa wurinta awa ɗaya. Na ce wa Mama ƙarin lissafi ake mana. Ƙarya ta farko mai girma. Fatar tauri gare ta, allurar ba ta shiga sai na tura da ƙarfen yatsa. Na soki kaina sau shida.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ta sa na warware na sake. Wai ɗinkin ya karkace da faɗin gashi. Na yi kuka a banɗakinta, kaɗan. Da na fito akwai biskit biyu a kan teburin ɗinki.

Tana magana tana kallon hannuna. Ta ce ranar da ta fara zuwa taron sai da ta yi amai don tsoro, mace ɗaya cikin maza. Ban yarda ba. Ta ce a ranar ta gaya wa Hector gwiwoyinsa kamar dankalin da aka manta a buhu, tun daga nan ta samu lafiya.

Na tambaye ta me ya sa suke son a yi musu dariya.

Ta ce, "Tsoho ya fito titi da gwiwa a waje a wannan sanyin, ai dole wani ya yi dariya. Gara mu riga su."

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na gama maɗauri biyu. Saura ɗaya.

Hector da Wattie, shi ma ɗan ƙungiyar ne, sun zo duba Kaka. Sun kawo inabi. Sun yi maganar yanayi minti ashirin.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Kaka ya gano. A wurin abincin rana ya ce wa Mama, "Kin kai shi shagon sadaka ko?" Mama ta ce me. Ya ce kilt ɗinsa. Ta rantse ba ta taɓa ba. Ya ce, "Ba faɗa nake ba. Gara haka. Wani mai ƙugu ya mora."

Mama ta kalle ni. Ni kuma na kalli dankali.

Da muna wanke-wanke ta ce, "Lissafin nan naki, a gidan Misis Rennie ake yin sa? Rhona ta ce kullum tana ganinki." Na gaya mata komai, har abin da na gani ta ƙofa. Ta daɗe tana goge faranti ɗaya. Ta ce kada in sa rai da yawa, Kaka taurin kai gare shi. Ta ce kuma kada in sake yi mata ƙarya. Sai ta sumbaci kaina da hannunta duk kumfa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An gama maɗaurai. Amma ninkin baya duk ya yamutse saboda cusawar da na yi masa a jaka. Ninki ashirin da bakwai. Almakashi ta sa na jera su ɗaya bayan ɗaya, na kama su da farin zare, manyan ɗinki, layi uku daga gefe zuwa gefe, don kada su motsa. Sannan muka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle na danna dutsen guga. Dannawa ake yi, ba gogawa ba. Ɗakin ya cika da warin tunkiya.

Da na ɗaga ƙyallen, ninkin ya fito tsaf kamar bakin wuƙa. Ta ce, "Hm." A wurinta wannan yabo ne.

Ta ce in bar farin zaren a jiki sai ranar da za a ɗaura, sannan in zare shi tas. Kyan kilt a kaɗawar bayansa yake in mutum na tafiya.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na shimfiɗa masa a gado na tsaya a bakin ƙofa.

Ya juya shi da hannu ɗaya. Ya duba maɗauran, ya kai su kusa da ido. Ya shafa farin zaren. Ya ce, "Wa ya sa ki?"

Na ce ba kowa.

"Ɗinkin nan naki ne?"

Na ɗaga kai.

Ya sake shafa zaren. Sai ya ce, "Kin yi aiki, Ɓera. Amma ba zan je ba. Ba ƙugun ba ne kaɗai. Ba zan shiga zauren nan su tashi su ba ni kujera, su yanka mini nama, su ce na yi kyau ba. Bar zaren a jiki. Ba inda za shi."

Na mayar kabad. Wata guda na yatsuna.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Ba na jin rubutu.

Lahadi, 1 ga Disamba

Jiya. Bari in bi a hankali don kada in manta komai.

Ƙarfe goma na safe muna kicin muka jiyo algaitar Hector daga ƙasan titi. Hanyar dutsen ta ƙofar gidanmu take bi. Kowace shekara a gidanmu Kaka ke kwana daren taron, a nan suke tsayawa su yi ta ihu sai Kaka ya fito. Kaka ya ajiye cokali. Sautin na matsowa, na matsowa, da suka zo daidai shingenmu sai ya ɗauke. Muka ga kawunansu ta taga suna wucewa shiru, Wattie riƙe da ludayi, har Duro na ɗaga ƙafa a hankali. Sai da suka wuce gida uku Hector ya ci gaba da busa.

Kunnuwan Kaka suka yi ja. Ya ce, "Sun kashe mini algaita. Kamar gidan makoki."

Mama ta ce ai don kada su dame shi ne.

Ya ce, "Shekara talatin Hector na damuna da wannan busar ta kashe kyanwa, yau ya san tausayi?"

Sha biyu saura kwata ta yi. Ina sama na ji sanda na bugun ƙasan bene. "Ɓera. Ɗauko."

Daga nan komai gudu ne. Sha biyu ake zama cin abinci. Mama na neman doguwar safarsa, ni ina neman 'yar jakar da ake ratayawa a gaban kilt, ɗaya takalmin yana ƙarƙashin gado. Ya dafa kujera, na zagaya masa kilt ɗin, na ja maɗauran. Na ce ya saki.

Ya zauna daram. Bai motsa ba ko kaɗan.

Ya kalli ƙasa, ya kalle ni. Mama ta ɗora masa doguwar kwat saboda iska, ta ce mu yi sauri mota na kunne.

Ban taɓa shiga taron ba, amma dole wani ya riƙe masa ƙofa, Mama kuma ta tafi neman wurin ajiye mota. Zauren cike, 'yan ƙungiya da matansu da jikoki, an fara zuba miya. Da suka gan shi kowa ya miƙe. Duro ya ce, "Lachlan, sannu da ƙoƙari," ya jawo kujera mafi kusa da ƙofa. Kaka bai ko kalle ta ba. Ya ce in karɓi kwat. Na zare masa. Ya nufi wurin zamansa na kullum, can gaba kusa da murhu, shi da sandarsa, a tsakiyar kowa.

A lokacin na gani.

Layi uku na farin zare, manya-manya, daga wannan gefe zuwa wancan, a kan kore mai duhu. Ko daga bakin titi za a hango. Bayan kilt ɗin a sandare kamar allo, ba ya kaɗawa ko kaɗan.

Kowa ya gani. Na ga Hector ya buɗe baki ya rufe. Na ga kafaɗar Wattie ta fara rawa ya danne. Da bara ne da zauren ya tsage. Jiya ba ka jin komai sai ƙarar sandar Kaka. Suka sunkuyar da kai cikin miya. Matar Wattie ta raɗa wa ta kusa da ita, "Allah sarki, ciwon ne, ya manta."

Kaka ya ji shirun. Ya tsaya, ya kai hannun dama baya ya shafa, sandar na rataye a wuyan hannunsa. Na ga lokacin da yatsunsa suka taɓa zaren. Ya juyo yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yarda suka haɗa ido. Sai na ga ya kalli ƙofa. Na san in ya fita ba zai sake dawowa ba.

Almakashi na zaune a gefe. Ba ta kalli Kaka ba, ni take kallo.

Ban san yadda aka yi ba. Na dai ji murya, ashe tawa ce, kuma ta fi ƙarfin yadda na so.

Na ce, "Ba ciwo ba ne. Ni ce. Ni na ɗinke shi na manta ban zare ba."

Duk suka juyo. Mutum wajen hamsin. Kwat ɗin Kaka a rungume a ƙirjina. Kuma bakin bai tsaya ba, wannan ne abin mamakin. Na ce, "Na ɗinke masa baya kamar tumbin tunkiya da aka cusa wa nama, irin na hagis."

Wani ya shaƙe da miya. Wattie ne. Sai Duro ya yi wani sauti ta hanci, ya toshe baki da hula, cikinsa na girgiza, har ya kasa. Ya ce, "Ƙafar Sauro, wallahi na ɗauka aiko ka aka yi ta gidan waya. Saura a manna maka kan sarki."

Daga nan ba a sake jin kunne ba. Hector na dukan tebur. Rhona na share hawaye da gefen riga.

Kaka fa. Ɓarin bakinsa ɗaya ne ke ɗagawa yanzu in zai yi dariya, ban sani ba sai jiya, don tun Mayu ban gani ba. Ya jira suka lafa, ya ce a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Ni ko a ɗinke na shigo ta ƙofa ɗaya, Duro. Kai sai da aka buɗe biyu."

Bayan an ci abinci aka zo zaɓen suna. Ba wanda ya ma kawo wani laifin. Amma sai gardama ta tashi. Hector ya ce doka ta ce laifin ɗan ƙungiya, yarinya kuwa ba 'yar ƙungiya ba ce. Kaka ya ce to ai nasa ne, shekara hamsin yana ɗaura kilt, da bakinsa ya ce a bar zaren, ya kuma fito bai shafa bayansa ba. Ya ce ba wanda zai ƙwace masa na huɗu. Almakashi ta ce ƙarya ne, aikin mai ɗinki ne zare zare, ɗalibarta ce ta yi, kuma ba za ta bari a danne wa yarinya haƙƙinta ba. Ina zaune ina ji ana faɗa a kan wa zai ɗauki abin kunyata.

Duro ya buga ludayi a tebur. Ya ce laifin na mutum biyu ne, ɗaya ya ɗinka ɗaya ya ɗauko. Tunda dole mai laifi ya zama ɗan ƙungiya, to yarinya ta shiga, ya tambaya ko akwai mai ja. Hector ya ce ba ta da kilt. Almakashi ta ce za ta ɗinka da hannunta kafin bazara, in ta daina kuka a banɗakin mutane. A gaban kowa ta faɗa. Ashe ta ji.

Sunan bana: Ɗinkakkun Baya.

Kaka ya hana a zare zaren sai da aka ɗauki hoto. Hoton ƙungiya na bana duk sun juya baya.

A mota ya yi barci tun kafin mu fita daga layin coci, bakinsa a buɗe. Mama na ta tambaya me ya faru, me ta rasa.

Litinin, 2 ga Disamba

Na zare zaren. Minti biyu kacal. Na naɗe shi na sa a cikin wannan littafin.

Kaka ya gaji, bai tashi ba sai azahar. Hannun yana nan yadda yake. Amma ya ci ƙwai biyu.

Asabar, 7 ga Disamba

Mai laifi ke riƙe ludayi duk Asabar daga ƙofar coci zuwa shagon Rhona. Hannun Kaka ɗaya na sanda ne, ɗayan ba ya riƙo. Don haka ni ce. A gaba. Ta tsakiyar kasuwa. Tsofaffi sha huɗu a bayana da gwiwoyi a waje, kuma dole a bi a hankali saboda Kaka, shi ya sa kowa ya samu lokacin kallo da kyau.

Sun raɗa mini suna. Farin Zare. Kaka ya ce shi dai Ɓera ya sani.

Struan Petrie na ƙofar shagon jarida da abokansa biyu. Ya ce, "Morven, miyar wa za ki juya?" Na ji zafi ya hau mini wuya kamar kullum. Na ce, "Mu ne Ɗinkakkun Baya. Matsa, kana tare mana hanya." Ya matsa. Ina jin mamaki ne ya sa.

Duro daga baya ya ce, "Farin Zare, rage sauri, Ƙafar Sauro zai karye." Na ce in ya karye ai akwai mai ɗinki. Ban juya ba, amma na ji dariyar Kaka.

Ba wai na daina jin kunya ba ne. Har yanzu ba na ɗaga hannu a aji, kuma ba na jin zan fara. Ludayin ma nauyi gare shi, kafaɗata ciwo take.

Almakashi ta ce in zo ranar Talata in zaɓi yadi. Ina tunanin mai ja.